Ɗaliban Aro Daga Dahome

Ko na manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da sufeton makarantu ya zo mini Bagudo ba. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, gwamnati ta ce mai zaman kansa ma yana iya buɗe firamare, amma sai aji ya cika za a yi masa rajista, in ba haka ba a rufe. Ni kuwa na kafa rumfa, na shafa wa allo baƙi, na naɗa kaina hedimasta, ɗalibaina tara ne cif (biyu ƙannena ne, su ma sai da bulala).

Sai na hau keke na tsallaka iyaka wajen kawuna a Dahome, wato Benin ta yau, don in aro yaran da za su cika mini aji.

"Ɗiya nawa kaka so?" in ji Kawu. "Ga na gona nan tuli."

"A'a Kawu, 'yan lakwal nika so, 'yan makaranta, waɗanda sunka iya zama bisa benci."

Wayona ke nan. Ya tattaro mini ashirin daga makarantar garinsu, na gargaɗe su kada wanda ya buɗe baki.

Sufeto ya zo, ya ƙirga kawuna, ya yaba natsuwarsu. Har ya zare alƙalami zai sa hannu, sai ya ce a tashi a yi taken ƙasa.

Nawa tara suka fara lalube a hankali. Baƙin kuwa an hore su da kyau. Suka ƙame, suka ɗaga ƙirji, suka rangaɗa taken Dahome da Faransanci, baiti bayan baiti. Maimakon in tsayar da su, sai na tsinci kaina ina kaɗa musu hannu kamar ni na koya musu (ko kalma ɗaya ban sani ba). Kunya ta sa na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur.

Sufeto ya jira har suka ƙare, ya rufe alƙalaminsa.

"Malam, makarantarka ta yi kyau ƙwarai. Sai dai ba ni ad da ikon sa mata hannu ba. Kai takardarka ga gwamnatinsu."

Cikin mako aka rufe ta, rumfar ta koma ta awakin Inna, ni kuma na zama Malam Dahome har yau. Abin da na koya shi ne, in za ka ari ɗalibai don yaudarar gwamnati, ka ari waɗanda ba a koya wa komai ba.