Sakan Ɗayan Da Ya Shiga Tsakanin Kaka Da Aminiyarta

Abin kunya ya sami Kaka da safiyar nan, a tsakar gida kuma, inda duk mu maƙwabta muke jiyowa ta katanga. Aminiyarta Mai Ɗinki, wadda suka yi shekaru ba sa ga maciji, ita ta kira neman gafara, don da yamma ɗanta zai ɗauke ta su koma wani gari. Matar ta fara ba da haƙuri ke nan layi ya katse. Kaka ba ta sani ba. Ta zuba jawabi, ta yafe na baya da na gaba, ta sha kuka har da fyace hanci, sai da surukarta ta leƙo ta ce, "Inna, wayar fa ta daɗe da yankewa." Aka yi ta kira, ya ƙi shiga. Can wata maƙwabciya ta kawo saƙo: Mai Ɗinki ta ce an gode, tunda a kunne aka kashe mata waya.

Ana haka sai ga jikan Kaka, injiniyan kamfanin waya, ido jawur, da rigar jiya a jikinsa.

"Amaryata, mun kwana lafiya?"

"Da ban kwana ba ka gan ni? Mijin banza, me kuka yi wa wayata?"

"Wannan gwangwanin? Ai ta girme ni."

"Ta girme ka, ta kuma fi ka amfani. Ka raba ni da aminiyata!"

"Ni? Ke da kika yi shekaru kina sauya hanya in kin hango ta? Sakan ɗaya aka ƙara wa agogon duniya, shi ya birkita mana komai."

"Sakan ɗaya? Ƙiftawar ido?"

"Ita fa. Minti sakan sittin ne, jiya aka yi mai sittin da ɗaya. Na'urorinmu wasu suka karɓa, wasu suka ce ba su san zancen ba. Turken wayar unguwar nan ya ce agogonsa ne daidai, na unguwarsu ya ce nasa ne. Da sun saɓa, sai su saki kiran mutum ya faɗi ƙasa."

"Wato su ma gaba suke yi?"

"A wurinki suka koya."

"Rufe min baki, mai kai kamar murfin tukunya! Kuɗin makarantar da aka kashe maka, ashe kirga sittin kawai aka koya maka?"

"Tsohuwa, ko runtsawa ban yi ba. Yanzu dai sabis ya dawo, ki kira ta."

"Na sake kira ɗazu, ya shiga, ta ƙi ɗauka! Kuma wa zai yarda da wannan shirmen a bakina? In ce mata ƙiftawar ido ce ta kashe waya? Kai za ka je, da wannan katin da ka rataya a wuya kamar akuya, ka rantse mata."

"In bar aiki in je sasanta 'yanmatan da ba haƙori?"

"Bari to in kira uwarka, ta tuna maka sai yaushe ka daina fitsarin kwance. Matarka ma ta ji."

Injiniya ya dafe kai, dariya ta ƙwace masa. "Na tuba! Taso in kai ki a babur, tun ba su ɗaure kaya ba."

Kaka ta miƙe da kyar, tana lalube ƙarƙashin kujera. "Wai shi sakan ɗin, uban wa ya ce a ƙara shi?"

"Duniya ce ta tsufa, juyinta ya yi nawa, irin tafiyarki. Shi ne ake ɗan tsayar da agogo a jira ta. Don Allah yi sauri, ana nemana a ofis!"

Kaka ta ɗago ta watsa masa harara.

"Tsohuwar da ba ta taɓa goya ka ba kun tsayar da agogo kun jira ta. Ni da na wanke maka kashi, ba za ka jira in nemo takalmina ba?"