Rasuwar Mai-Ƙaya, Kaktus ɗin Bakin Taga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, hanci kuma a toshe, malamar jinya ta hawa na biyu take sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kaktus ɗinta, shukar nan ta hamada, Mai-Ƙaya, wadda ta cika ranar Talata a tukunyarta bayan jinyar mako uku.

Marigayiya ba ta da roƙo. Hantsi, ƙasa mai yashi, ruwa rabin kofi idan ƙasar ta bushe ƙayau, iyakar abin da ta nema a duniya ke nan. Shekara bakwai malama tana juya mata tukunya don kowane gefe ya sha rana, tana share mata ƙura da tsohon buroshin haƙori, tana jiran fure ɗaya tak. Watan jiya toho ya ɓullo, ja, kamar kan ashana. A makon ne aka tura malama kwas.

Ta bar amana a hannun maigida, har da takarda manne a tukunya: kada a ba ta ruwa. Shi kuwa bawan Allah tausayi ya ci ƙarfinsa. A cewarsa, wane mai imani ne zai sha ya bar mai ciki da ƙishi? Safe da yamma yake ɗura mata, har da guntun shayinsa mai madara, wai ta samu ƙarfin haihuwa.

Ranar da ta dawo, wari ne ya tarbi malama tun daga matakala. Marigayiya ta kumbura suntum, gindinta ya yi baƙi yana tsiyayar wani ruwa mai yauƙi, ƙananan ƙudaje sun tare a kanta. Ita da ba a taɓa jin muryarta ba, ana taɓa ta sai ta ce "fus", ta zube. Malamar da take wanke gyambo kullum ko yatsina ba ta yi, ranar sai da ta yi amai. Tir da wannan tausayi.

Mai-Ƙaya ta rasu ta bar buroshinta, da tohon da bai buɗe ba, da ɗa guda da aka yanko daga gefenta kafin ruɓa ta kai gare shi.

Za a yi jana'iza gobe ƙarfe tara a kwandon shara na bayan gida. Maigida ne zai ɗauki gawa, ba safar hannu, ba toshe hanci. Masu zuwa gaisuwa kada su taho da ruwa. Maraya kuwa an mai da shi tagar ofishin malama, inda maigida ba ya shiga. Mai son ganin furen ya dawo bayan wasu shekara bakwai.