Ranar Da Na Yi Wa Iya Basira Nasiha

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikar Iya Basira ba. Har yau in na tuna sai na ji kamar in shige ƙarƙashin gado.

Iya Basira maƙwabciyata ce a Fagge, Bayarbiya mai injin markaɗe na lantarki. Shekara da shekaru ita ke markaɗa mini wake, wani lokaci har da gyaran tattasai kyauta.

To sai ƙanin maigidana, Nasiru, ya sayo mota mai amfani da caji. Ba shi da wuri a shagonsa na Sabon Gari, sai ya kafa cajarta a garejinmu, wani ƙaton akwati mai waya kamar damtsen yaro. "Anti, wannan mai sauri ce," in ji shi, "kafin ki sauke tuwo ta cika." Ni kuwa har tofa mata addu'a na yi. (Mota ba ƙara, ba hayaƙi, a gidana! Wa ya kai ni?)

Tun daga lokacin, da an yi la'asar sai fanka ta koma juyi kamar mai azumi, ƙwan lantarki ya yi ja, firij ya kama gurnani. Duk layinmu haka. Na zauna na yi bincikena na mai takardar sakandare, na gano mai laifi: injin Iya Basira. Shi ne mai ƙara, ai dole shi ne mai shan wuta.

Ranar suna, tsakar gidanta cike da mata, na gyara mayafi na sassauta murya.

"Iya, don Allah kar ki ji haushi, nasiha ce. Haƙƙin maƙwabtaka ba wasa ba ne. Mutum ɗaya ya shanye wutar unguwa, me zai ce wa Allah?"

Har da girgiza kai. Har da ƙwalla, wallahi.

Iya ta ajiye ludayi ta dube ni. "Maman Walida, injina ai sati biyu ke nan da ƙonewa. Rashin ƙarfin wuta ne ya cinye shi. Ba ki ga tattasan sunan nan ma kasuwa na kai ba?"

Tana rufe baki sai ga hon ɗin Nasiru a waje. Muna jin an buɗe garejinmu. Ba a yi minti biyu ba fankar da ke kan mai jego ta fara layi, sannan taransifomar bakin titi ta yi wata ƙara, ɗif, komai ya tsaya.

Wata tsohuwa ta leƙa ta katanga ta ce, "Ikon Allah! Ashe jaririyar da ke tsotse mu a gidan Malama mai nasiha take."

Mai gyaran da ya zo ya ce irin wannan caja taransifomarta daban ake yi mata, ba a haɗa ta da ta talakawa. Kwana tara unguwa ba wuta, kwana tara ina fita da niƙabi.

Na je na ba Iya haƙuri, na tsaya a kan Nasiru sai da ya gyara mata inji ya kwashe akwatinsa. Ta yafe, amma kullum na kai wake sai ta ce, "Malama, ya mota? Ta ƙoshi?"

Yanzu in nasiha ta taso mini, sai na fara leƙa garejinmu tukuna.