Rasuwar Gwaggo Tsawa, Bindigar da Aka Yi wa Ɗuri a Kan Ciki

Da zukata masu nauyi, da kunnuwan da har yau ba su daina ƙara ba, iyalan Malam Lado Maharbi na Ƙofar Sauri suna sanar da 'yan uwa, da maharba, da maƙera, da duk wanda ya taɓa cin naman gidan nan bai tambayi inda ya fito ba, rasuwar bindigarsu ta gado, wadda aka fi sani da Gwaggo Tsawa.

Ta rasu ranar Asabar da hantsi, a makon da soja suka tattara komatsansu suka koma bariki. Tun asuba hadari ya taso daga gabas ya tsaya a kan gari, ya ƙi zuba, ya ƙi wucewa, kowa sai fifita yake da hularsa. Ta cika a ƙofar gidan Alhaji Amiru ɗan kwangila da ke GRA, a hannun Babaji, babban ɗan Malam Lado, wanda ya fita da ita neman aikin gadi.

Ba wanda ya san shekarunta. Mahaifin Malam Lado ne ya shigo da ita daga arewa a cikin kayan kanwa, kuma tun a lokacin ba yarinya ba ce. Ƙotarta wani itace ne mai duhu da ba a taɓa ganin irinsa a dajin nan ba. Gara ta gwada shi ta haƙura. Ƙarfenta kuwa ba bututun sitiyarin mota ba ne, irin na bindigogin da ake ƙerawa a lungu, waɗanda mai su ke harbawa yana kawar da fuska yana salati. In ka karkata bakinta wajen rana ka leƙa, za ka ga layuka a cikinta suna murɗawa a hankali kamar naɗin rawanin dattijo, daga gindi har baki ba su cika kewaye ɗaya ba. Wannan murɗi shi ne mutuncinta. Shi ke sa dalma ta fita tana juyi kamar mazari, ta tafi inda aka aike ta ba tare da ta tsaya gaisuwa a hanya ba. Yari, maƙerin unguwa, ya taɓa ɓata yini yana leƙen murɗin nan. Da ya gaji ya miƙa ta da hannu biyu, ya ce, "Malam, wanda ya yi wanga aiki ba da ɗumamen tuwo ya karya ba."

Marigayiya ba ta da haɗama. Abincinta albarushi cikin ƙahon gada ɗaya, a shafe bakinsa da yatsa, ba tozo. Sai ɗan ƙyalle da aka shafa wa man kaɗe, a ɗora dalma guda a kai, a tura da sandar ɗuri har ta zauna. A jikin sandar akwai tsaga da Malam Lado ya yi da wuƙa. In tsagar ta nutse, ciki wayam ne. In ta tsaya a waje, to akwai abu. A gidan nan kuma ba a cewa bindiga tana da ɗuri. Cewa ake yi tana da ciki. Sai a ɗaura mata jan zare a kunama, a rataye ta, kowa ya bi ta a hankali yadda ake bin mai juna biyu. Ranar da ta haihu a daji, da an dawo a yi mata wankan jego da ruwan zafi, a tsane ta, a shafe ta da mai.

Waɗanda suka san ta za su tuna muryarta. In an ɗana ta takan ce ƙyas, ta ƙara cewa ƙyas, sannan ta yi shiru tana jiran mai ita ya gama numfashi. Sai tau! Guda ɗaya, siririya, busasshiya. Ba irin buuum ɗin 'yan sitiyari ba, mai hayaƙi cike da daji, tukunya wayam. A shekarar fari ita ta riƙe gidan nan da zabin daji da gada. Ita ta kwantar da gadun da ya hana mutanen wani ƙauye cin rogonsu. Ba a taɓa nuna mutum da ita ba, ko ɓarawo. Lokacin da ake bi gida gida ana karɓe bindigogi, a cikin rumbu ta kwana tsakanin dammunan gero, ba ta yi ko tari ba. Mulkin soja duk ta ga bayansa lafiya lau. Na farar hula ne bai bar ta ta cika mako ba.

Ciwon ajalinta ya faro ne tun kaka. Malam Lado ya yi mata ɗuri zai fita, ya ɗaura zarensa, ya zauna alwala, nan ɓarin jikinsa na dama ya mutu. Ya tashi, amma harshe ya yi nauyi, magana sai ɗaiɗai, kamar ana ciro ta daga rijiya. Tun daga ranar Gwaggo Tsawa take rataye a ƙusarta, sama da shimfiɗarsa, da cikinta.

Shi Babaji bai taɓa bin mahaifinsa daji ba. Ya ce farauta aikin ƙauyawa ne, kuma warin albarushi na sa shi atishawa. Da aka buga gangar siyasa sai ya gano abin da aka halicce shi dominsa, wato maƙalewa a ƙofar bas yana ihu har muryarsa ta dushe. An yi zaɓe an gama, mutanen Alhaji Amiru sun ci, kowa ya sami wani abu, Babaji ya tashi da riga mai hoto da tari. Ga matarsa Bashira da tsohon ciki, ga shi ko kuɗin ragon suna bai san inda zai fito ba. Sai aka ji Alhaji zai yi walima, kuma ya ce a zo da bindigogi: duk wanda tasa ta fi ƙara, shi ne shugaban masu gadin sabon gida, da kaki, da ɗaki a bakin ƙofa. Babaji ya kwana yana ganin kansa a cikin kakin nan. Abokin karawarsa ɗaya ne, maƙwabcinsu Tanko, mai bindigar sitiyari da aka ɗaure wa ƙota da robar tayar keke.

Da safe ya shiga ɗakin mahaifinsa, ya gaishe shi a tsaitsaye, ya miƙa hannu ga ƙusa. Malam Lado ya yunƙura, ya ɗaga hannun hagu, ya tattaro duk abin da ya rage masa na harshe, ya ce, "Tana... da ciki."

Babaji ya washe baki. Daɗi ya kama shi, wai yau tsoho ya tuna da iyalinsa.

"Na sani, Baba. Ai don ita nike wannan fafutuka. Ta ma kusa. Kai dai ka yi mamu addu'a, da kaki zan dawo."

"Ciki," in ji Malam Lado, yana dukan tabarma. "Ciki!"

"Amin, Baba, amin. Allah shi sauke ta lahiya."

Babaji ya shafa fuska da hannu biyu. Bashira tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ji surukinta yana ambaton cikinta da ƙarfi haka, kunya ta kama ta, ta ja mayafi ta shige ɗaki. Babaji ya dubi jan zaren da ke kunama, ya tuna ja launin waɗanda aka kayar ne, ba zai shiga gidan Alhaji da shi ba. Ya sa haƙori ya tsinke shi. Ƙahon awo kuwa ya bar shi a rataye, don a ganinsa ƙahon gada ma'aunin talakawa ne.

A ƙofar gidan Alhaji an kafa rumfa, manya sun zauna, makaɗa sun cika wuri. Tanko ya dubi Gwaggo Tsawa sama da ƙasa, ya ce, "Babaji, wagga tsohuwa taka in ta yi atishawa ma ka gode Allah. Ko dai ka kai ta gida ta sha kunu?"

"Tsaya ka ji, ɗan sitiyari. Ka dai toshe kunnenka, kada uwarka ta zo mani da ƙara."

Babaji ya zuba albarushi a tafin hannu ya ɗura mata. Ya dubi Tanko, ya ƙara. Ya hango Alhaji yana kallonsa, ya sake ƙarawa. Ya ɓanɓaro fastar ɗan takara daga jikin bango, ya tauna, ya dunƙule, ya cusa. Da ya tura sandar ɗuri, tsagar nan ta tsaya a waje da nisa, tana kallonsa yana kallonta. Ya ce tsufa ne, ta tsuke. Ya ɗauki dutse ya daddoki kan sandar har gumi ya jiƙa masa hoton da ke ƙirji. Sannan ya fita tsakiyar fili, ya ga mai ɗaukar hoto ya durƙusa, sai ya ɗaga ta sama da hannun dama kaɗai, ya riƙe ƙugu da na hagu.

Ta ce ƙyas. Ta ƙara cewa ƙyas. Abin da ta faɗa bayan nan ba muryarta ba ce, kuma iyalai suna roƙon kada a tuna ta da shi.

Ƙarfen ya tsage tun daga gindi, ya bi layin murɗin nan ya warware kamar tsohuwar igiya. Ƙota ta rabu biyu. Dalmar da Malam Lado ya tanadar wa gadu ta tashi ta huda tankin ruwan da ke saman bene, ruwa ya kwararo kan rumfa, wasu manyan baƙi suka ɗaga hannu suna godiya wai damina ta sauka. Da hayaƙi ya lafa aka ga Babaji a zaune a ƙasa, ba gira, yana duban hannunsa yana ƙirgawa yana sake farawa.

Alhaji Amiru mutum ne mai cika alkawari. Ya miƙe da jiƙaƙƙiyar babbar riga ya ce, "Jama'a, ku shaida, ban taɓa jin ƙara irin wagga ba. Yaron nan shi ya ci." Aka tafa. Sannan ya sunkuya ya dubi hannun, ya ce, "To amma gadin hwa, da me za a yi shi?" Ya waiwaya ya ga Tanko tsaye da yatsu goma da bindigar da ko harba ta bai yi ba, ya ce a gwada masa kaki. Direban Alhaji ya ce kujerun mota sababbi ne, don haka a amalanke aka tura Babaji asibiti. Washegari Tanko ya je dubiya a cikin kakin, wanda ya yi masa ɗan yawa a kafaɗa, ya ce ai na Babaji aka auna.

Ranar da aka sallami Babaji, tare suka shiga ɗakin Malam Lado, shi da buhun da aka kwaso gawar a ciki. Babaji ya durƙusa ya miƙa naɗaɗɗen hannunsa gaba don a gani. Malam Lado ya miƙa hannun hagu, ya tsallake na ɗansa, ya shiga buhu. Ya daɗe yana bin murɗin da yatsa. Sai ya juya fuskarsa bango.

Marigayiya ta bar ƙahon awo, wanda ba a nemi shawararsa ba. Da sandar ɗuri, wadda ta faɗi gaskiya aka doke ta da dutse, yanzu tana jinyar karaya. Da jakar fata mai dalma a ciki, marayu, ba mai aikensu ko'ina. Da ƙusa a bango. Ta bar Malam Lado. Ta bar Yari maƙeri, wanda aka tambaya ko za ta gyaru, ya ce sai dai a kawo masa wanda ya ƙera ta daga lahira. Bashira ta sauka lafiya ranar Litinin, an sami 'ya mace, kuma iyalai suna godiya ga Babaji da bai yi mata ɗuri ba.

Za a yi wa marigayiya wanka da ruwan zafi kamar yadda ta saba, Yari ne zai yi. Za a naɗe ta a buzun akuya a binne ta bayan rumbu ranar Juma'a bayan la'asar. Ba za a yi mata salla ba, liman ya riga ya ja kunne. Babban yatsan Babaji, wanda ya dangwala wa mutanen Alhaji ƙuri'a ba sau ɗaya ba, an same shi a saman rumfa tare da manuni, an kuma binne su tuni a wani wuri dabam. Ba za a haɗa su rami ɗaya da ita ba, don kada su sake taɓa mata kunama. Ana karɓar gaisuwa a zauren gidan. Ba a so a harba komai don girmama ta. Mai son gaida Babaji ya zagaya ta hagunsa ya ɗaga murya, kuma kada ya miƙa masa hannu.

Sanarwa daga Nu'uman Lado, ƙanen Babaji, a madadin iyalai.

Abin da aka rasa: bindiga ɗaya. Yatsu biyu. Kunne ɗaya, na dama. Gira biyu, ana sa ran dawowarsu. Aikin gadi ɗaya, da kaki, da ɗaki. Da ɗa ɗaya. Wannan na ƙarshe Malam Lado ne ya sa a rubuta, ko da yake ɗan yana nan a zaure yana cin tuwo da hagu.