Ranar da Chaibou Ya Ɗauki Waliyiya a Kafaɗa

"Otorut ta baƙi ce," in ji Chaibou, yana nufin babbar hanyar mota. "Ni ko an ɗaure mini ido, da ƙamshin ciyawa zan kai ka Lyon."

Kai dai ka san irinsu. Direba ne a wani ofishin jakadanci a Paris, amma in ya shigo unguwar Goutte d'Or yana kaɗa makulli sai ka rantse shi ne jakadan. Ran nan ya aro baƙar motar maigidansa, ya kece raini da farar shadda, ya ɗauko Kawu Ilya, za su Bron, can gefen Lyon, nema masa auren Mounira. Ubanta, Malam Salihu, mutum ne da ko tari ka yi sai ya tambaye ka hujja. Ya ce su iso kafin la'asar, kuma ba ya maimaita magana.

Gogan naka ya bar babbar hanya ya kutsa ƙauyuka. Can bayan azahar suka faɗa yankin tsofaffin mahaƙar kwal: gidaje jere iri ɗaya, kowane gari da baƙin tudunsa na tarkacen rami. Chaibou ya nuna wani tudu ya ce daga bayansa sai Lyon. Suka zagaya, sai ga wani gari da nasa tudun. Kawu ya ce a tsaya a yi tambaya, shugaban ɓatattu ya ce tambaya ta ƙauyawa ce.

A gari na gaba suka iske titi cike. 'Yan badujala na busa, tsofaffi sanye da hulunan ƙarfe masu fitila, yara na ɗaga tutoci. Bikin Sainte Barbe ne, waliyiyar masu haƙar kwal, wadda suke zagayawa da gunkinta duk farkon Disamba. Chaibou bai san da wannan ba. Shi dai ya ga jandarma ya ɗaga hannu, sai ya gyara hula.

"Lambar motar suka gani, Kawu. Tarba ce."

Kawu ya roƙe shi don Allah ya ja da baya. Ina! Sai ya fito yana baza riga, yana gaisawa da kowa hannu bibbiyu. Dama tsofaffin nan huhunsu ya ƙare a rami, masu ɗaukan gunkin ma da kyar suke jan ƙafa. Ɗayansu ya ga ƙato ya kawo kansa, ya ce, "Mushe," wato yallaɓai da Faransanci, "taimaka," ya zame kafaɗarsa daga ƙarƙashin sanda ya saka ta Chaibou. Shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce ta manyan baƙi. Ya hangi mai kamara, ya washe haƙora har kunne.

Sai da suka hau matakalar majami'a ya ɗaga kai ya ga abin da yake ɗauke da shi: mace ce ta katako, da kambi a kanta. Ya rasa yadda zai yi. In ya saki, ta faɗo kan tsofaffi. In ya riƙe, ga fada, limamin majami'ar, na jiransa a ƙofa. Haka ya shiga da ita har gaban bagade, yana ta a'uzubillahi a zuci.

Bayan magariba suka isa Bron. Aka gaisa, aka tambayi gajiya, Chaibou ya duƙa ya fara zuba: wai taya ce ta fashe a dokar daji, shi kaɗai ya ɗaga motar. Malam Salihu ya miƙa hannu ya ƙara muryar tele. Ashe tun a kanun labaran yankin suka gan shi, yanzu cikakken rahoton ya zo. Ga Chaibou nan cike da allo, farar shadda na walƙiya, waliyiya na rangaji a kafaɗarsa. Daga kicin aka ji Mounira ta saki faranti.

Malam ya kalla har ƙarshe, ya kashe, sannan ya juyo wajen Kawu Ilya.

"Ai da kun yi waya kun hutar da kanku. Mun ga yaronku ya riga ya kai amaryarsa ɗakinta. Allah ya ba su zaman lafiya."