Benci Takwas a Tsakar Gidana

Ba zan taɓa mantawa da ranar da mai bincike ta zo lakwal ɗin garinmu, wato makarantar boko, ba. Ko na yi niyyar mantawa ma, akwai mutanen da suka ɗauki nauyin tuna mini kyauta, duk inda muka haɗu.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne tsakanin Tasawa da Mayahi. Lakwal ɗinmu aji huɗu ce. Ɗaya na siminti ne, ya girmi yawancin malaman da suka koyar a cikinsa. Sauran ukun rumfunan kara ne. Duk shekara sai an gama girbin hatsi mu sari kara mu kafa su, kafin damina ta zagayo awaki sun cinye bango, iska ta ɗauki rufi. Ɗiyata Hauwa'u a ɗaya daga cikin rumfunan nan take karatu, kullum ta dawo gida da ƙaiƙayi a wuya da ƙasa a zane. Abin da muke nema shekara da shekaru guda ɗaya ne, a gina mana aji.

A shekarar ne aka naɗa ni shugaban kwamitin iyayen yara. Ba don na fi kowa hankali ba. Na shiga ajin yaƙi da jahilci bayan furfura ta fara leƙo mini a gemu, na yi shekara biyu ina zuwa ban gaji ba, har na iya rubuta sunana ba tare da na fito da harshe waje ba (matata Saude ta ce har yanzu yana ɗan leƙowa, amma ita ba ta zuwa aji, ba ta da bakin magana). Kwamiti yana neman mai sa hannu a takarda, ni kuma ina neman inda zan nuna hannun nawa. Muka dace da juna.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, diraktan lakwal, Mushe Isufu (mu nan Mushe muke ce wa malamin boko), ya ja ni gefe ya ce ranar Litinin wata malama za ta zo daga jami'a. Bincike take yi a kan makarantun karkara. Za ta ga azuzuwa, ta ƙidaya yara, ta yi wa iyaye tambayoyi.

Ina jin an ce ƙidayar yara, sai na fara jin ƙamshin siminti. Ina da dalilina. Akwai wani gari wajen Koona da baƙi suka taɓa zuwa da takardu, suka tarar da yara zaune a ƙasa, suka ɗauki hoto. Shekara na zagayowa sai ga aji biyu sabbi da shuɗin fenti. Mu kuwa da namu baƙin suka zo, mun share fili, mun jera benci, mun sa yara sun yi waƙar maraba. Baƙin suka yaba mana ƙwarai, suka shiga mota. Na daɗe ina juya abin nan a raina, daga ƙarshe na gano cewa tsafta ce ta cuce mu.

Dukiyar lakwal ɗinmu gaba ɗaya benci takwas ce, irin masu haɗe da tebur ɗin nan, duk suna cikin ajin siminti. Na ce wa dirakta, "Mushe, in malamar nan ta tarar da benci, cewa za ta yi muna da hali."

Ya ce, "To mi kake so a yi, Baba shugaba?"

Na ce, "A ba su hutun kwana biyu."

Ya dube ni, ya dubi sama, ya ce, "Ni dai ranar Lahadi ina Tasawa. Makullin ajin kuma yana rataye a ƙusa bayan ƙofata, kullum nan nake mance shi."

Ranar Lahadi da hantsi na ari amalanken taubashina Ɗan Juma, tare da jakinsa da shi kansa, don ba ya ba da ɗaya ba tare da sauran ba. Sawu uku muka yi. Duk sawun da muka yi bakinsa bai huta ba.

"Kai da ka shiga boko da tsufa, abin da aka koya maka ke nan? Wasu na kai ƴaƴansu lakwal, kai kana kai lakwal gidanka."

Na ce masa wannan dabara ce, ba ta shiga kan mai jaki.

Muka jera bencin a tsakar gidana, jikin rumbu. Saude ta fito tana goge hannu ta ce, "Malam, waɗannan fa?" Na ce ajiya ce, maganar kwamiti ce, ba ta mata ba. Na ce ta lulluɓe su da zana, na fita abina. A cikin duk kurakuran da na yi, wannan ne na fi jin ciwonsa. Da na ɓata numfashi biyu na yi mata bayani, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Litinin da safe na sa babbar rigata ta Idi, sai na tuna talauci za mu nuna, na cire na sa wadda ta yage a kafaɗa. Muka tsaya bakin hanya muna jiran farar mota mai dogon eriya. Abin da ya iso babur ne na kabu-kabu, da wata matashiya a baya, ta rungume jaka da robar ruwa. Ita ce Malama Zara'u. Hausarta irin tamu ce sak. Raina ya ɗan sosu da rashin motar, amma na lallashi kaina cewa manyan masu kuɗi haka suke yi, sai su turo ƙaramin ma'aikaci ya fara leƙo musu.

A gindin bishiya ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce, "Iyayena, ni ɗaliba ce. Ba ƴar furoje mai kawo tallafi ba ce ni, ba na rabon komai, ba na gina komai. Littafi nake rubutawa don in samu digirina." Muka gyaɗa kai gaba ɗaya. Na raɗa wa na kusa da ni cewa duk masu rabo haka suke faɗi da farko, don kada a yi musu cincirindo.

Ta shiga azuzuwa ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina yara a ƙasa. Ina biye da ita da fuskar tausayi wadda na gwada a madubin Saude tun da asuba. Da muka shiga ajin siminti ta tsaya ta ce, "Nan ma ko benci ɗaya babu?"

Na sauke dogon numfashi na ce, "Malama, kin dai gani da idonki." (Ku shaida, ban yi ƙarya ba.) Mushe Isufu kuwa a daidai lokacin wani saƙo mai muhimmanci ya shigo wayarsa. Ta daɗe tana rubutu a kayenta, littafin da take ɗaukar bayani. Duk layin da ta rubuta, ni bulo nake gani yana hawa kan bulo.

Bayan azahar ta ce saura iyaye. Gida biyar za ta shiga, kuma ba ita za ta zaɓa ba, ba maigari ba, ba dirakta ba. Ta ce ƙa'idar bincike ke nan, don kada a kai ta gidajen da aka shirya. Ta kwafi sunayen magidanta daga rajistar lakwal a kan ƙananan takardu, ta nannaɗe, ta zuba a ƙwarya, ta ce wani ya zo ya ciro ya karanta wa jama'a.

Mushe Isufu ya ce, "Ai shugabanmu ya iya karatu."

Wallahi na ji daɗin maganar nan har cikin ƙashina. Shekara biyu ina jiran a faɗi haka a gaban mutane. Na gyara hula, na sa hannu a ƙwarya. Na karanta suna na farko lafiya lau. Na biyu ma haka, har wani tsoho ya ce ma sha Allah. Na ciro na uku ina ƙara ɗaga murya.

Akwai abin da wanda ya yi karatu tun yana yaro ba zai gane ba. Mu da muka koya da girma ba ma ganin suna gaba ɗaya. Gaɓa-gaɓa muke bi, baki yana gaba, hankali yana biyo shi a baya da sanda. Na karanta gaɓa ta farko, ta biyu, ta uku, na wuce zuwa sunan uban mutumin, har na ji tausayin marigayin don sunansa ɗaya da babana. Sai da na rufe baki na ji abin da na faɗa. Gidana ne.

Da na iya karatu sosai, da na gani tun daga nesa na kira sunan wani. Da ban iya ba sam, da ba a miƙo mini ƙwaryar ba. Daidai inda ilimina ya tsaya, nan ramin yake.

Na ce, "Malama, gidana da ɗan nisa."

Ɗan Juma ya ce, "Ga shi can, mai bishiyar dogon yaro a ƙofa. Ko gurgu ya isa kafin shayi ya huce."

Na ce, "Kuma mai ɗakina ba ta jin daɗi."

Ya kasa kunne ya ce, "To wa ke dakan nan? Wannan taɓaryar Saude ce, ko a garin Cake na ji ta zan gane."

Malama Zara'u ta ce tunda shi ne mafi kusa, da shi za a fara. Na ce bari in yi gaba in yi sallama. Ta ce babu komai, mu tafi tare. Muka tafi tare, ni da ita da dirakta, da rabin gari a bayanmu.

Zanar da na ce a lulluɓe da ita tana jingine a jikin danga, an naɗe ta tsaf. Saude mace ce da ba ta iya ganin abu yana zaune ba aiki. Benci biyu ta shanya kuɓewa a kansu. Ɗaya barkono. Ɗaya ta kife kwanonin da ta wanke. Ɗaya akuyarmu ta haye ta kwanta tana tuƙa, kamar ita ce sufeton makarantu. A jikin kowane ɗaya ga sunan lakwal da lambarsa da farin fenti, manya-manyan haruffa waɗanda ko ni na karanta su ba gaɓa-gaɓa ba.

Saude ta tare mu da fara'a. "Maraba da baƙuwa, sannu da rana. Zauna nan, ɗiyata, kada ki zauna a tabarma. Na lakwal ne, sun fi kujera daɗi." Ta kakkaɓe ɗaya da gefen zanenta.

Malama Zara'u ta zauna. Ta fito da wata takarda ta karanta mana cewa duk abin da muka faɗa sirri ne, in mun yarda in sa hannu. Na sa hannu a kan teburin bencin (gaskiya ban taɓa samun wurin rubutu mai daɗinsa ba), kawunan mutane kuma sun yi layi a saman danga suna kallon sirrin.

Ta fara tambayoyinta bi da bi, yadda suke a takarda. Yara nawa ke zuwa lakwal. Wa ke duba musu kaye. Suna cin abinci kafin su fita. Ina amsawa da muryar da ni ma da ƙyar nake jin ta. Sai ta iso wata tambaya, na ga ta ɗan cije leɓe kafin ta karanta.

"Yaranku suna da wurin zama su yi bitar karatu a gida?"

Saude ta riga ni. "Tun jiya dai suna da shi. Takwas ne."

Dangar gidana ta kusa faɗuwa don dariya. Mushe Isufu kuwa ya zagaya bencin nan yana shafa su kamar ya ga ɗansa da ya ɓata, ya ce, "Ikon Allah. Ashe nan suke."

Malamar ta buɗe kayenta baya ta ce, "Baba, da safe na rubuta cewa lakwal ɗinku ba ta da benci ko ɗaya. Yanzu mi zan rubuta? In ce iyaye ne ke kwashewa?"

Nan na zauna a kan bencin barkono na faɗi gaskiya duka, tun daga garin da aka yi wa aji biyu har sawu ukun amalanke. Na so ta yi dariya, ko ta yi faɗa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Rubutu ta shiga yi da sauri fiye da na safe. Ta ce duk yawon da ta yi ba ta samu abin da ya kai wannan amfani ba, don yanzu ta fara shakkar rabin abin da aka nuna mata a sauran garuruwa. Ta roƙi izini ta sa labarin a littafinta, ta ce ba za ta sa sunana ba.

Daga bayan danga Ɗan Juma ya ce, "Ba sai kin sa ba, Malama. Mu mun riƙe."

Da ta tashi tafiya ta ce mini a hankali, "Baba, rumfa uku babu benci, ajin simintin ma yara sun fi bencin yawa nesa ba kusa ba. Da kun bar su a wurinsu, abin da zan rubuta kusan ɗaya ne."

Na tattara sauran ƙarfin halina na ce, "To ajin fa, Malama?"

Ta ce, "Baba, ni ma kabu-kabu na hawo."

Washegari muka mayar da su, da rana tsaka, ta tsakiyar gari, don babu wata hanyar. A sawu na ƙarshe jakin Ɗan Juma ya ga jaka ya zabura, benci ɗaya ya zamo ya daki ƙasa, katakon ya rabe biyu, ƙarfen ya lanƙwashe. Maƙeri ya duba ya ce a yi haƙuri. Saude kuma ta yi kwana uku tana mitar an raba ta da wurin shanya.

Bayan Malama Zara'u wasu masu binciken sun zo, har kashi uku. Tambayoyin ba su canza ba, rumfunan ma haka. Ina zama in amsa musu da haƙuri, in sa hannu da kyau, su yi godiya su tafi su zama daktoci. Amma ban ƙara taɓa ko allo ba kafin zuwansu. Na gane talaucin lakwal ɗinmu ba ya bukatar a yi masa kwalliya, ya iya fita gaban baƙi da kansa. Ni ne dai shugaban da ya tashi samo wa yara aji, ya karɓi benci takwas ya mayar da bakwai.