Yadda Za Ka Tura Saƙo Ba Sabis, Ka Kuma Rasa Wurin Ɓuya

Ɗan'uwa, gyara zama. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka riƙa tura saƙo ba kati, ba data, ba sabis, kamfanonin waya suna kallo. Maƙwabcina tela ni na ɗora shi a hanya, kuma har yau zancensa ake yi a layinmu.

1. Sayi biyu

Wata na'ura ce 'yar mitsitsiya kamar akwatin ashana, da 'yar eriya a ka. Kai za ka rubuta a wayarka, ita ta cilla saƙon ta iska zuwa 'yar'uwarta, wannan ma ta miƙa gaba, har ya isa. Guda ɗaya ba ta da amfani, sai dai ka gaida kanka. Tela ya ba matarsa ta biyun. Saƙon farko daga kicin ya fito: sabulu ya ƙare. Kada ka raina, duk wani babban ci gaba haka ya fara.

2. Hau sama

Eriya tana son tsayi. Ari tsani, ka ɗaure ta a jikin tankin ruwa da igiyar shanya. In mai gidan haya ya leƙo yana tambayar wa ke taka masa kwano, ce bincike kake yi. Kada ka kalli ƙasa. Tela ya kalla, ya daɗe yana taka keken ɗinki da ƙafar hagu.

3. Tara jama'a

Abin ba ya tafiya sai da mutane. Duk wanda ka gani, ka rage murya ka tambaye shi me ya tanada wa ranar da sabis zai ɗauke gaba ɗaya. Da haka tela ya jawo mai aski, mai shago da rabin masu kawo masa ɗinki. Har surukinsa ya shigar, wani tsohon direba da ya ajiye aiki, ba shi da abin yi sai bibiyar mutane.

4. Bambanta zauren kowa da saƙon mutum ɗaya

Wannan matakin na ragwaye ne, gwani ba ya ɓata lokaci a kansa. Surukin ya ba tela yadi tun tuni, zai sa rigar a taron tsofaffin abokan aikinsa. Ana gobe taro, ko almakashi bai taɓa yadin ba. Sai tela ya rubuta wa matarsa cewa in Baba ya zo, ta ce ya yi tafiya. A zauren kowa ya tura, inda duk masu na'urar suke gani. Mai aski ne ya fara amsawa, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

5. Riƙe girmanka

Baba ma ya ga saƙon. Sandarsa ya ɗauka ya tako har shago, ya ɗaga rigunan da ke rataye, ya tarar da matafiyi a tsugune.

"Sannu da hanya," in ji shi.

Tela ya ce, "Baba, ai yanzu na dawo."

Baba ya ja benci ya zauna, ya ce ba inda za shi, a fara yankan yana gani. A irin wannan yanayi, kada ka yi bayanin fasaha. Ɗauko almakashi kawai.

6. Kada ka cire batir

Tela ya gwada. Nan take matarsa ta sanar da zaure cewa yana nan lafiya, batir ya cire. Yanzu duk wanda ya kawo ɗinki yana karɓa ranar da aka ce masa. Tela ya rame, amma mutane sun ce bai taɓa yin gaskiya haka ba.

Sanarwa: marubucin nan ba shi da hannu a targaɗe, huda kwanon haya, ko duk abin da ya shiga tsakaninka da dangin matarka. Tawa na'urar tana cikin kwalinta ban taɓa kunnawa ba, domin nawa surukin yana raye, kuma ƙafafunsa lafiya lau.